Wa'adin kwana 30 ya wuce mu: akwai sauran hanyar ƙalubalantar tarar haraji?

Ɗan Mai Kayan Gini, daga Zariya, ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masana harkar haraji da shari'a. Ina neman shawara a kan matsalar da ta taso wa kamfanin mahaifinmu, wanda ƙaramin kamfani ne mai rajista da ke sayar da siminti, rodi, kwanon rufi da sauran kayan gini. Tun da aka kafa kamfanin mahaifin namu ne darakta, kuma shi kaɗai ke hulɗa da banki da akanta da hukumar haraji. A tsakiyar shekarar 2025 ya kamu da ciwon shanyewar ɓarin jiki, ya daɗe yana kwance a asibiti, daga baya aka dawo da shi gida ana ci gaba da jinya. Shago bai rufe ba, domin yara suna buɗewa suna ɗan taɓa ciniki, amma akantan da ke shigar da bayanan harajin VAT (harajin da ake ɗorawa a kan kayan da aka sayar) na wata-wata ya daina zuwa, kuma babu wanda ya san irin yarjejeniyar da ke tsakaninsa da Baba. Haka watanni suka shuɗe ba a shigar da komai ba.

A bana hukumar haraji ta aiko da takarda wadda ta ƙunshi ƙiyasin VAT da take ganin muna riƙe da shi, da tarar rashin shigar da bayanai a kan lokaci, da kuɗin ruwa, jimilla kusan naira miliyan huɗu. Ɗaya daga cikin yaran shago ne ya karɓa, ya sa hannu a littafin mai kawo saƙo, sannan ya cusa ta a durowar da ake tara rasit da takardun dakon siminti. Sai bayan kimanin wata biyu na ci karo da ita, lokacin da nake tattara takardu domin banki. A ƙasan takardar an rubuta cewa wanda bai yarda ba yana da kwana 30 ya bayyana rashin amincewarsa. Nan da nan na rubuta wasiƙar roƙo na kai ofishinsu, na bayyana halin da muke ciki, aka karɓa aka ce ana dubawa, kuma har yau ba amsa.

Ba mu musun cewa akwai bashi a kanmu. Abin da muke ja da shi shi ne ƙiyasin, domin an gina shi a kan cinikin shekarar da Baba ke da lafiya, alhali ciniki ya faɗi ƙwarai bayan kwanciyarsa. Tambayata ita ce, tunda wa'adin ya wuce, shin magana ta ƙare ke nan sai biya, ko kuwa doka ta bar wata ƙofa ga wanda ya makara bisa uzuri irin namu? Kuma wasiƙar da na rubuta tana tsayar da lissafin kwanaki, ko ba ta tsayarwa?

Tsohon Akanta, daga Kaduna, ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Alhaji lafiya, ya sa kaffara ne. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe, domin ita ce ta fi gaggawa: wasiƙar roƙo ba ta tsayar da komai, haka kuma kalmar "ana dubawa" da aka faɗa maka da baki. Na ga 'yan kasuwa da dama da suka yi ta zarya ofishin haraji cikin kyakkyawar niyya, ana gaisawa ana mutunta juna, alhali kwanaki na tafiya, har ranar da suka tarar an aika wa bankinsu umarnin cire kuɗin daga asusunsu. Doka ta ba hukumar ikon naɗa banki wakilin karɓar harajin da ya tabbata, saboda haka kada ka ɗauki shirunsu a matsayin sassauci.

Ya kamata ka san cewa wa'adin ba ɗaya ba ne, hawa-hawa ne. Na farko shi ne kwana 30 na rubuta takardar ƙin amincewa zuwa ga ita hukumar da ta yi ƙiyasin. Wannan takarda ta bambanta da wasiƙar roƙo, domin dole ne ta fayyace adadin da ka yarda da shi, da wanda ba ka yarda da shi ba, da dalilanka ɗaya bayan ɗaya, tare da hujjojin da ke mara musu baya. Idan hukumar ta ƙi gyara ƙiyasin ta sanar da kai a rubuce, sai wa'adi na biyu ya fara, wato wasu kwana 30 na ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙararrakin Haraji. Idan can ma ba ka gamsu ba, akwai wasu kwana 30 na zuwa Babbar Kotun Tarayya, amma a kan batun doka kawai, ba a kan sake ƙirga buhunan siminti ba. Wanda ya bar wa'adi ya wuce bai motsa ba, doka na ɗaukar ƙiyasin a matsayin tabbatacce wanda aka rufe maganarsa, ko da kuwa a zahiri ya fi abin da ya kamata.

Sannan ka rarrabe kuɗin da ke cikin takardar gida uku, domin kowanne da hukuncinsa. Akwai ainihin harajin VAT, kashi 7.5 cikin 100 na kayan da aka sayar, wanda ake cire abin da kuka riga kuka biya wajen sayen kayan daga dillalai kafin a san abin da ya rage. Akwai tarar rashin shigar da bayanai, waɗanda ake son su shiga zuwa ranar 21 ga watan da ke biye. A ƙarƙashin dokar da ke aiki a 2025, wannan tara naira 50,000 ce a watan farko, da naira 25,000 a kowane wata da aka ci gaba da saɓawa. Akwai kuma kashi 10 cikin 100 na rashin biya a kan lokaci, tare da kuɗin ruwa. Gida na farko, wato ainihin harajin VAT, shi ne kuke da hujja mai ƙarfi a kansa, tunda kuna da littafin ciniki da bayanan banki. Kuma idan ainihin harajin ya ragu, kashi 10 ɗin da kuɗin ruwan duk za su ragu tare da shi, saboda a kansa ake lissafa su. Tarar rashin shigar da bayanai kuwa da wuya a ce ba ta hau kanku ba, tunda da bakinka ka ce ba a shigar ba.

Abin da zan ba ka shawara ka yi cikin wannan makon, tun kafin ka zauna da lauya, shi ne ka sa akanta ya shigar da bayanan duk watannin da suka rage, bisa ainihin cinikin da aka yi, kuma ku biya abin da kuka yarda da shi ku karɓi rasit. Kowane wata da kuka ƙara ba ku shigar ba, tarar na ƙaruwa.

Hajiya Mai Shagon Atamfa, daga Kantin Kwari, ta rubuta:

Ɗana, Allah ya ƙara wa mahaifinka sauƙi. Ni ba masaniyar doka ba ce, amma na daɗe ina kasuwanci, kuma ra'ayina shi ne ka yi lissafi da kyau kafin ka kama hanyar kotu. Kuɗin lauya da na akanta da zirga-zirga zuwa Kaduna, idan ka tara su, za su iya cinye rabin abin da kake son tsiratarwa. Hukumar tana da ikon yafe tara gaba ɗaya ko wani sashe nata idan aka nuna mata dalili mai kyau, kuma rashin lafiyar mai gida dalili ne da duk mai imani zai saurara. An sha yin yafiya ta gama-gari ma. A shirin VAIDS, na bayyana kadarori da kuɗin shiga bisa raɗin kai, da aka fara a watan Yulin 2017 aka rufe a ƙarshen Yunin 2018, an yafe wa waɗanda suka bayyana abin da ke kansu tara da kuɗin ruwa, kuma a watan Disambar 2023 hukumar haraji ta tarayya, FIRS, ta sanar da yafe tara da kuɗin ruwa ga duk wanda ya biya ainihin bashinsa kafin ƙarshen shekarar. Wannan ya nuna cewa ainihin harajin suka fi damuwa da shi. Da ni ce, sai in biya abin da na san gaskiya ne, in nemi yafiyar sauran, in roƙi a bar ni in biya kaɗan-kaɗan, in zauna lafiya da mutanen da gobe ma su zan koma wa neman takardar shaidar biyan haraji.

Lauya Mai Bin Shari'un Haraji, daga Abuja, ya rubuta:

Ina yi wa Alhaji fatan samun lafiya. Maganar Hajiya tana da nauyi, kuma ba na ce a jefar da ita ba, sai dai akwai abin da ya kamata a lura da shi. Yafiya alfarma ce da hukuma ke yi idan ta ga dama, kuma tara da kuɗin ruwa take shafa, ba ainihin ƙiyasin ba. Tunda babbar matsalarku ƙiyasin ne, neman yafiya kaɗai ba zai warware ta ba. Hanyoyin biyu ba sa cin karo da juna, ana iya bin su a lokaci guda, kuma bisa abin da na gani, hukuma ta fi saurin zama a teburin sulhu da wanda ƙararsa ke gaban kotu fiye da wanda ba shi da komai a hannu sai wasiƙar roƙo.

Amsar tambayarka ta farko ita ce ƙofar ba ta rufe gaba ɗaya ba. Kotun Ɗaukaka Ƙararrakin Haraji ta samo asali ne daga dokar da ta kafa hukumar FIRS a 2007 (wadda sababbin dokokin haraji na 2025 suka maye gurbinta), kuma sakin layi na 13 na jadawali na biyar na wannan doka, bayan ya gindaya kwana 30, ya ƙara da cewa kotun na iya karɓar ƙara bayan wa'adin idan ta gamsu cewa akwai isasshen dalilin jinkirin. Kotun tana zama a shiyyoyi takwas: Abuja, Legas, Ibadan, Benin, Enugu, Jos, Bauchi da Kaduna, kuma ta Kaduna ce ke kula da Arewa maso Yamma, saboda haka can ce taku. Abin da ake yi shi ne a shigar da buƙatar ƙarin lokaci, tare da takardar rantsuwa da ke bayyana dalilin jinkiri, a haɗa da takardar ɗaukaka ƙarar da ake son shigarwa domin kotun ta ga cewa akwai magana ta gaske da ta cancanci saurare.

A kan takardar rantsuwar nan ne mafi yawan masu makara ke faɗuwa, don haka zan ɗan tsaya a kanta. Kotu ba ta wadatuwa da a ce mata "mahaifinmu ba shi da lafiya" a dunƙule. Tana son a bi jinkirin daga farkonsa zuwa ƙarshensa ba tare da giɓi ba: ranar da aka kwantar da shi, ranar da aka sallame shi, halin da yake ciki a ranar da takardar ta iso, ranar da kai ka gan ta, da abin da ka yi tun daga ranar. Ka nemo rahoton likita mai hatimin asibiti, da katin kwanciya da na sallama. Ka sa yaron da ya karɓi takardar ya yi tasa rantsuwar, ya faɗi inda ya ajiye ta da dalilin da bai sanar da kowa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, saboda haka kada ku rage wani abu don kuna jin ya yi muku nauyi. Idan lauyan hukuma ne ya fito da shi daga baya, zai fi yi muku illa.

Akwai raunin da dole in nuna maka. A idon doka kamfani mutum ne mai zaman kansa, daban da mai shi, kuma lauyan hukuma zai ce kamfanin da ya iya buɗe shago ya sayar da siminti ya karɓi kuɗi, ya isa ya buɗe ambulan. Zai kuma ce takardar da aka kai adireshin kamfani aka sa hannu a kanta ta isa inda ya kamata ta isa, ko wa ya karɓa. Maganin wannan shi ne ku tabbatar da takardu cewa Alhaji ne kaɗai ke da ikon tafiyar da al'amuran kamfanin, kamar takardun rajista da ke nuna daraktoci, da takardar banki da ke nuna wanda ke sa hannu a asusu. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda ƙaramin kamfani ya kasance da darakta ɗaya tak, kuma idan haka naku yake, hujjarku ta ƙara ƙarfi. Idan kuwa akwai darakta na biyu da ke da lafiya, sai an bayyana dalilin da ya hana shi motsawa.

Sashen jinkirin da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ya fara daga ranar da ka ga takardar. Wata biyun farko kuna da uzurin da za a iya karewa. Kwanakin da suka biyo baya kuwa babu ciwon da zai rufe su, domin ka riga ka sani. Wasiƙar da ka kai tana da amfani ɗaya, wato tana nuna cewa ba ka kwanta ba, muddin kana da kwafinta mai hatimin karɓa da kwanan wata. Amma kowane mako da ka ƙara kana jiran amsa yana rage darajar uzurinka.

Za ka ji wasu na cewa ba a sauraren ƙara sai an ajiye rabin kuɗin. Ƙa'idojin kotun na 2021 sun zo da wannan sharaɗi, amma a watan Nuwamban 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, a ƙarar da babban lauya Joseph Daudu ya shigar, ta soke shi bisa cewa ya saɓa wa 'yancin samun adalci da tsarin mulki ya tanada. Duk da haka, ita dokar 2007, kafin a maye gurbinta, ta ba kotun harajin ikon umartar mai ƙara ya ajiye wani kaso idan hukuma ta nuna cewa bai shigar da bayanansa ba, kuma wannan ya sa nake goyon bayan shawarar Malam Akanta ɗari bisa ɗari: ku shigar da bayanan tukuna, kada ku je kotu da wannan tabon. Ka kuma tuna cewa nauyin tabbatar da cewa ƙiyasi ya wuce kima yana wuyan mai ƙara ne, ba hukuma ba.

Ɗan Mai Kayan Gini, daga Zariya, ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam Akanta, Hajiya da Barista, Allah ya saka da alheri. Baba ne kaɗai darakta, kuma kwafin wasiƙata yana da hatimin karɓa. Na riga na samu wani akanta da zai fara shigar da bayanan gobe in sha Allahu. Saura abu biyu da ban gane ba. Na farko, daga yaushe ake fara ƙirga kwana 30 ɗin, daga kwanan watan da ke jikin takardar ko daga ranar da yaron ya karɓa, tunda akwai tazarar kusan mako guda a tsakaninsu? Na biyu, da na sake duba lissafin tarar, sai na ga an sa naira 100,000 a watan farko na kowane wata da ba a shigar ba, ba naira 50,000 da Malam Akanta ya ambata ba. Shin wannan daidai ne?

Lauya Mai Bin Shari'un Haraji, daga Abuja, ya amsa:

Game da ta farko, wa'adin ƙin amincewa yana farawa ne daga isar da takardar, kuma Dokar Fassarar Dokoki ta ce ba a ƙirga ita ranar da abin ya faru, sannan idan ranar ƙarshe ta faɗo a Lahadi ko ranar hutun gwamnati, wa'adin na tsallakawa zuwa ranar da ke biye. Amma kada ka dogara da littafin mai kawo saƙo kaɗai. Tun gyaran da Dokar Kuɗi ta 2020 ta yi, ana iya isar da takardar ƙiyasi ta imel ko wata hanyar intanet, don haka ka buɗe imel ɗin da aka yi wa kamfanin rajista da shi, da shafin kamfanin a manhajar hukumar, ka ga ko an riga an aiko da ita ta can. A takardar rantsuwa, ku yi bayanin jinkirin tun daga kwanan wata mafi dadewa, domin kada a samu kwanakin da ba ku ce komai a kansu ba.

Ta biyun kuwa ita ce mafi muhimmancin abin da ka faɗa tun da aka fara wannan tattaunawa. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu ranar 26 ga Yunin 2025, waɗanda suka mayar da FIRS zuwa NRS, sabuwar hukumar haraji ta ƙasa, kuma Dokar Gudanar da Haraji ta fara aiki ne ranar 1 ga Janairun 2026. Ita ce ta kawo tarar naira 100,000 a watan farko da naira 50,000 a watannin da ke biye. Ƙa'idar da aka sani ita ce doka ba ta komawa baya ta hukunta abin da ya faru kafin ta fara aiki sai idan ta faɗi haka ƙarara, don haka kuna da hujjar cewa saɓawar da ta auku a watannin 2025 da tsohon ma'auni ya kamata a lissafa ta. Wannan batu ne na doka, ba na roƙo ba, kuma yana da amfani ta fuska biyu. Yana nuna wa kotu cewa ƙararku tana da tushe, abin da ke taimaka wa buƙatar ƙarin lokaci. Sannan tun a 1962, a shari'ar hukumar haraji da kamfanin Joseph Rezcallah, Kotun Ƙoli ta Tarayya ta nuna cewa ƙiyasin da ba a yi shi bisa doka ba, wucewar wa'adi ba ya mayar da shi tabbatacce.

Sabuwar dokar ta kuma ɗora wa hukuma nata wa'adin: idan aka kai mata takardar ƙin amincewa, tana da kwana 90 ta ba da amsa, in ba haka ba a ɗauka an karɓi ƙorafin. Kada ka ɗauka wasiƙarka ta roƙo za ta ci wannan gajiyar, tunda ba ta cika sharuɗɗan ba kuma ta zo a makare. Ka sa lauyanka ya rubuta cikakkiyar takardar ƙin amincewa yanzu, mai ɗauke da adadin da kuka yarda da shi, da rasit ɗin biyansa, da batun ma'aunin tarar, da buƙatar yafiya a sakin layi na daban, sannan a cikin makon ya shigar da buƙatar ƙarin lokaci a Kaduna ba tare da jiran amsar hukumar ba.